Nuovomondo: Tafiyar Iyalin Mancuso Zuwa Amurka, da Irin Kwafin da Ya Kamata a Nema

Fim ɗin Nuovomondo na darakta Emanuele Crialese ya fito a shekarar 2006. Tsawonsa minti 118 ne, kuma a Amurka da Faransa an sayar da shi da sunan Golden Door, don haka mai nema ya gwada sunayen biyu. Labarin wani manomi ne na tsibirin Sisili da ke kudancin Italiya, Salvatore Mancuso, wanda matarsa ta rasu, ya tattara mahaifiyarsa da 'ya'yansa maza biyu ya nufi Amurka a farkon ƙarni na 20. Ya cancanci kuɗin da za a kashe masa da awa biyun da za a ba shi, amma da sharaɗi: a same shi a kwafi mai kyau. Rabin abin da fim ɗin ke faɗa a cikin hoto da sauti yake, ba a bakin 'yan wasa ba. Wanda ya kalle shi a kwafin da aka matse don ya shiga waya zai tashi yana cewa bai ga komai ba, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Mai saye ya san abin da babu a ciki tun kafin ya biya. Babu titunan New York, babu masana'anta, babu 'yan daba, babu labarin talakan da ya wayi gari attajiri. Fim ɗin yana ƙarewa ne a bakin ƙofar ƙasar, a Tsibirin Ellis inda ake tantance baƙi. Kashi uku ne: ƙauye, jirgin ruwa, sai tsibirin. Dokar da Crialese ya ɗora wa kansa ita ce mai kallo ba zai san komai ba sai abin da iyalin Mancuso suka sani. Ba su taɓa ganin teku daga cikinsa ba, ba su iya karatu ba, ba su san abin da ake tambayarsu dominsa ba, to kyamara ma ba ta yi mana ƙarin bayani. Duk ƙarfin fim ɗin daga wannan doka ya fito, kuma wurare biyun da ya yi rauni su ne inda ya karya ta.

An buɗe da Salvatore da babban ɗansa Angelo suna hawan dutse ba takalmi, kowanne da tsakuwa a baki, har leɓɓansu suna jini. Suna kaiwa sama suka ajiye duwatsun a gindin wani gicciye, Salvatore ya roƙi alama: mu tafi ko mu zauna? Amsar ta zo a hannun ƙaramin ɗansa Pietro, wanda kowa ya ɗauka bebe ne. Ya kawo wasu katuna masu hoto daga Amurka: albasa da ta cika amalanke, kaza da ta kusa kai tsawon mutum, bishiya mai 'ya'yan tsabar kuɗi. Waɗannan katuna ba ƙirƙirar darakta ba ce. An yi yayinsu sosai a Amurka wajen 1908 zuwa 1915, kuma wani mai hoto na garin Ottawa a jihar Kansas, William H. Martin, ya yi suna da haɗa su. Ana yanka hoton kayan gona da aka ɗauka daga kusa, a manna shi a kan hoton mutane da aka ɗauka daga nesa, a sake ɗaukar duka. Ba'amurke ya san wasa ne. Mutumin da bai taɓa ganin hoto ya yi ƙarya ba, shi kuwa shaida ya gani.

Ƙauyen da aka nuna yana yankin duwatsun Madonie, wajen Petralia, a arewacin Sisili. Fim ɗin bai tsaya bayyana dalilin talaucin ba, dutse da tsumma da ƙafa ba takalmi kawai ya nuna, shi ya sa yana da kyau mai kallo ya shiga da ɗan sani. Bayan haɗewar Italiya a 1861, kudu ya samu sabon haraji da aikin soja na dole, amma gonaki suka ci gaba da zama a hannun manyan masu ƙasa da ke zaune a birni. Su kan ba wani ɗan tsakiya hayar dubban kadada, shi kuma ya yayyanka wa manoma bisa sharaɗin da kan bar su da bashi bayan girbi. A shekarun 1880 wani ƙwaro ya cinye gonakin inabi. Ramukan haƙar farar wuta suna cin yara ƙanana da iyaye ke bayarwa a kan kuɗin da aka ba su tun gaba. Da manoma da leburori suka kafa ƙungiyoyin Fasci Siciliani suna neman gyara, gwamnatin Francesco Crispi ta murƙushe su da soja a 1894. Daga nan hanya ɗaya ta rage, ita ce tashar jirgin ruwa. Tsakanin 1880 da 1920 Italiyawa fiye da miliyan 4 sun shiga Amurka, mafi yawansu daga kudu.

Abin da kashin farko ya yi daidai shi ne lissafin tafiya. Salvatore ya sayar da dabbobinsa, aka ba shi takalma da tufafi a madadinsu, kuma tufafin na matattu ne da aka ajiye. Ka ga mutum da samarin 'ya'yansa suna koyon tafiya cikin takalmi a karon farko. An kuma haɗa su da 'yan mata biyu, Rita da Rosa, waɗanda aka ɗaura wa alkawarin aure da mazan da ba su taɓa gani ba a can. Ita kuwa tsohuwa Fortunata, mai maganin gargajiya ce da ke cire wa mutane abin da ta ce ya shige su, ba ta son tafiyar ko kaɗan, domin matattunta a nan suke. Aurora Quattrocchi ce ta fito a wannan matsayi, kuma a ganina ita ce ta fi kowa iya wasa a fim ɗin. Ba ta neman a tausaya mata. Tana da faɗa, tana da izza, kuma duk inda wani jami'i ya miƙo hannu zai taɓa ta, fuskarta kaɗai ta isa ta gaya maka cewa ita ma likita ce a garinsu.

Vincenzo Amato, wanda ya fito a Salvatore, asalinsa mai sassaƙa ne da ƙarfe daga Palermo da ya zauna a New York, kuma Crialese ya daɗe yana aiki da shi. Wasansa na mutum ne mai mutunci wanda bai san dokar wurin da ya shiga ba, amma bai yarda cewa rashin sanin ya mai da shi ƙarami ba. Francesco Casisa da Filippo Pucillo su ne 'ya'yan. Dukansu uku sun fito a fim ɗin Crialese na 2002 da aka ɗauka a tsibirin Lampedusa na Italiya, kuma sabon da suka yi da juna ya nuna: suna taɓa juna, suna ture juna, suna tsayuwa a jere yadda 'yan gida ɗaya ke yi.

Fitowar da aka fi sanin fim ɗin da ita ita ce tashin jirgi. An kafa kyamara a sama tana kallon ƙasa, allon ya cika da kawunan mutane, taro ɗaya. Sai a hankali wata tsaga ta bayyana a tsakiya, ta yi ta faɗi, sai ka gane rabin mutanen a kan jirgi suke, rabin a kan gaɓa, abin da ke buɗewa tsakaninsu kuma ruwa ne. Babu kiɗa mai sa kuka, babu ɗaga hannu, sai gurnanin ƙarfe da inji. Agnès Godard ce ta ɗauki hoton, Bafaranshiyar da ta yi suna a aikinta da darakta Claire Denis. Wannan fitowa ce ma'aunin kwafin da ke hannunka: idan ba ka ga taron ya cika allo daga gefe zuwa gefe ba, ko kawunan sun narke sun zama tabo-tabo, to kwafin bai yi ba.

A cikin jirgi an raba maza da mata, aka zuba su a aji na uku can ƙarƙashi, gadajen ƙarfe hawa-hawa, kowa da kayansa a jikinsa. Haka abin yake a tarihi. Tafiya daga Napoli ko Palermo zuwa New York kan ɗauki kusan mako biyu, kuɗin tikiti wajen dala 30, kuma kamfanonin jiragen sun fi samun riba daga waɗannan na ƙasa saboda yawansu da arahar ciyar da su. Da guguwa ta taso, Crialese bai nuna igiyar ruwa ko ɗaya ba. Muna ciki tare da su a duhu, jikuna suna faɗawa kan juna, ƙarfe yana kuka, sannan shiru. Bayan an lafa sai a ga mutane kwance ba a san mai rai da matacce ba, da wata mata ɗauke da jaririnta da ya riga ya cika. Darakta mai kuɗin kashewa da ƙarancin tunani da ya fita waje ya nuna mana jirgi yana tangaɗi. Abin da Crialese ya yi ya fi tsoratarwa nesa ba kusa ba, domin fasinjan aji na uku ba ya ganin abin da ke dukansa.

A nan ne kuma rauni na farko ya shigo. Charlotte Gainsbourg ta fito a matsayin Lucy, wata 'yar Ingila mai hula da safar hannu da ta liƙe wa iyalin tun daga tasha, tana neman namijin da zai aure ta don a bar ta ta shiga. Dalilin neman auren gaskiya ne: jami'an Ellis ba sa sakin mace mai tafiya ita kaɗai sai wani namiji nata, miji ko ɗan'uwa ko wanda zai aure ta, ya zo ya karɓe ta. Amma fim ɗin bai taɓa gaya mana abin da ya kawo mace irin wannan aji na uku a jirgin Italiya ba. Da tana da kuɗin aji na biyu, da an duba ta a cikin jirgi ta sauka kai tsaye a Manhattan, cikin birnin New York, domin 'yan aji na ɗaya da na biyu ba a kai su tsibirin sai in an ga wata matsala. An bar ta a matsayin asiri da gangan, fasinjoji suna ta raɗe-raɗi a kanta, kuma Gainsbourg ta riƙe abin da aka ba ta da kyau. Sai dai aikinta a labarin ya fito fili: ita ce mai jin Turanci da za ta iya mayar wa jami'ai magana a madadin mai kallo na zamani. Hakan ya saɓa wa dokar da fim ɗin ya kafa wa kansa. Dillalin auren da ke zagaya ta a jirgi, wanda Vincent Schiavelli ya fito a matsayinsa, shi ma bai samu fili ba. Schiavelli ya rasu a watan Disamba na 2005 a Polizzi Generosa, garin kakanninsa a cikin waɗannan duwatsu na Madonie, kafin fim ɗin ya fito.

Jirgi ya iso cikin hazo mai kauri. Mutum-mutumin 'Yanci na bakin tashar New York, da kowane fim na baƙi ke nunawa, a nan ba a gan shi ba ko sau ɗaya. Daga nan aka shiga kashin da ya fi kowanne nauyi, wanda kuma ya fi dacewa a gwada shi da abin da tarihi ya rubuta.

An buɗe tashar Ellis ranar 1 ga Janairu, 1892, aka rufe ta a 1954, kuma mutane wajen miliyan 12 suka bi ta cikinta. Ginin katako na farko ya ƙone a 1897, aka buɗe na bulo a Disamba 1900. A shekarar 1907 kaɗai an tantance fiye da mutum miliyan 1, kuma ranar 17 ga Afrilu ta wannan shekara mutum 11,747 suka wuce a yini ɗaya. Da irin wannan yawa, likita ba shi da lokacin awo. Yana tsaye ne yana kallon layi, kowane mutum daƙiƙa shida ko makamancin haka, yadda dillali ke duba rago a kara: tafiya, numfashi, ido, fatar kai. Wanda aka yi shakka a kansa sai a shafa masa harafi da alli a riga. L na ɗingishi ne, H na zuciya, E na ido, K na gwaiwa, Pg na juna biyu, X na zargin taɓin hankali ko raunin ƙwaƙwalwa, idan kuma an zagaye X ɗin da da'ira to likita ya ga alama tabbatacciya. Abin da baƙi suka fi tsoro shi ne binciken tarakoma, ciwon idon nan da ke juya gashin ido ciki ya yi ta gogar ƙwayar har ya makantar, wanda har yau ake yaƙi da shi a arewacin Najeriya da Nijar. Ana juya fatar ido da yatsa ko da 'yar ƙugiyar ƙarfe ta ɓalla maɓallin takalmi. Wanda aka samu da shi galibi komawa zai yi, kuma kamfanin jirgin da ya kawo shi ne zai mai da shi a kan kuɗinsa. Daga 1903 har da tarar dala 100 a kan duk mai cuta mai yaɗuwa da aka kawo. Wannan ne dalilin da ya sa a fim ɗin ake duba mutane tun a tashar Italiya kafin su hau, ba don tausayinsu ba.

Bayan likita sai teburin jami'i da tafinta, inda ake maimaita tambayoyin da ke kan takardar fasinjojin jirgi, guda 29 a shekarun da aka fi cunkoso: suna, sana'a, wa ya biya maka, nawa ne a hannunka, wurin wa za ka. Akwai tarko a ciki. Idan ka ce aiki yana jiranka, ka faɗa ƙarƙashin dokar 1885 da ta hana shigo da leburori da kwangila. Idan ka nuna ba ka da komai kuma ba ka da kowa, sai a rubuta cewa za ka zama nauyi a kan hukuma, wanda shi ne dalilin da aka fi korar mutane da shi. Amsar da ke wucewa ita ce: ina da ƙarfi, ina da ɗan'uwa, zan nemi aiki. Wajen 1909 kwamishinan tashar, William Williams, ya sa ƙa'idar cewa baƙo ya nuna dala 25.

Fim ɗin ya fi ba da lokaci ga gwajin basira, kuma nan ne fitowarsa mafi kyau bayan ta tashin jirgi. An ba Salvatore guntayen katako aka ce ya jera su su cike wani firam. Ya dube su, ya gina ɗan gida da su, da wurin shanya a gefe, ya ɗago yana jiran yabo. Ya nuna basira ƙarara, amma ba irin wadda takardar ke nema ba. Wani jami'i kuma ya yi wa Lucy bayani cewa kimiyya ta tabbatar rashin basira gadonsa ake yi, don haka ba sa so ya gauraya da 'yan ƙasa. Wannan ra'ayi ne da masana da yawa na lokacin suka riƙe da gaske. Dokar 1907 ta ƙara masu raunin ƙwaƙwalwa cikin waɗanda aka hana shiga, masanin halayyar ɗan Adam Henry Goddard ya kai gwaje-gwajensa tsibirin, kuma likita Howard Knox, wanda ya yi aiki a can daga 1912 zuwa 1916, ya ƙirƙiro gwaje-gwajen katako da ba sa buƙatar harshe. Abin lura shi ne Knox ya yi su ne don rage zaluncin gwada baƙauye da tambayoyin makaranta, ga shi kuma fim ɗin ya nuna yadda su ma suke da nasu makantar.

Inda fim ɗin ya zarce tarihi shi ne yawan waɗanda abin ya shafa. Mai kallo zai ɗauka kowane baƙo sai ya kwana a tsibirin ya yi wasan katako. A zahiri kusan kashi 80 cikin 100 suna wucewa cikin awa uku zuwa biyar, wajen kashi 20 ake tsarewa, kuma kusan kashi 2 ne ake mayarwa. Gwajin basira na waɗanda aka shafa wa X ne. Haka kuma an haɗe abubuwan shekaru daban-daban a lokaci guda. Ban ɗauki wannan a matsayin babban laifi ba, domin iyali mai tsohuwa da ta ƙi amsa tambaya da yaro da ba ya magana lallai cikin waɗanda za a tsare suke, kuma kashi 2 na miliyan 12 mutum wajen 240,000 ne. Amma malamin da zai nuna wa ɗalibai fim ɗin ya faɗa musu waɗannan alƙaluma. Ya kuma faɗa musu cewa ƙofar ba a Ellis aka rufe ta ba, a majalisa ne: gwajin iya karatu a 1917, wanda da shi kaɗai ya isa ya hana Salvatore shiga, sannan dokar kaso ta 1924, mai ƙayyade yawan baƙin da za a karɓa daga kowace ƙasa, da ta rage rabon Italiya zuwa ƙasa da mutum 4,000 a shekara.

Akwai ƙananan abubuwa a wannan kashi da suka fi dogon jawabi tasiri. Maza sun hau kan juna don su leƙa ta saman taga mai dishi-dishi, suna gardama kan yadda mutum zai kwana a gida mai hawa da yawa haka. Salvatore ya ɗanɗani farin burodi a karon farko. Sai zauren aure, inda 'yan mata ke zaune a gefe ɗaya, mazan da suka aiko a kawo su a ɗaya gefen, jami'i yana kiran suna. Fuskar Rita da ta Rosa a lokacin da kowacce ta ga wanda aka ba ta, ba a buƙatar fassara. Hukuncin da aka yanke wa Fortunata da Pietro ba zan faɗe shi ba, sai dai in ce wanda ya warware maganar shi ne wanda ba a zata ba, kuma an shirya hakan tun daga farkon fim.

Rauni na biyu kiɗa ne. Yawancinsa na Antonio Castrignanò ne, mawaƙin gargajiya daga Salento a kudancin Italiya, da ganga mai kacau-kacau da murya, kuma ya zauna daram a bakin fasinjoji. Amma sau biyu an sako waƙoƙin mawaƙiyar Amurka Nina Simone da aka naɗa a 1965. Masu son fim ɗin da yawa suna yaba wannan. Ni ina ganin murya ce daga wajen duniyar Salvatore, mai gaya wa mai kallo abin da zai ji, alhali fim ɗin ya yi awa ɗaya da rabi yana ƙin yin haka. Mafarkan da ake sakawa, kogin madara da ake iyo a ciki da ƙaton karas da ruwan tsabar kuɗi, su ban da ƙorafi a kansu, domin daga cikin kan mutumin suka fito, daga katunan nan da ya gani.

Fim ɗin ya ci kyautar Zakin Azurfa ta sabon hazaƙi a bikin Venis na 2006, Italiya ta tura shi gasar Oscar, kuma a gida ya samu kyaututtukan David di Donatello na tsara wuri da na tufafi. Daraktan Amurka Martin Scorsese, wanda kakanninsa 'yan Sisili ne, shi ya gabatar da shi ga masu kallon Amurka a 2007. An ɗauki wani ɓangare mai yawa a Buenos Aires ta Ajantina, ƙasar da ita ma ta karɓi miliyoyin Italiyawa. Mai kallo daga Kano ko Agadez ba zai rasa gane wani abu ba: tsibirin da waɗannan mutane ke gudu daga cikinsa shi ne yau matasanmu ke ratsa Sahara da Libiya don su isa gare shi, da hotunan waya a madadin katuna. Crialese da kansa ya juya kyamara wannan ɓangaren a 2011, a fim ɗinsa na gaba da ya ɗauka a tsibirin Linosa kan 'yan Afirka da ke isowa ta teku.

Yanzu maganar kwafi. An ɗauki fim ɗin a faffaɗan allo, faɗi 2.35 a kan tsayi 1, don haka a talabijin ta zamani dole a ga baƙin layi sama da ƙasa. Kada a danna maɓallin da ke cika allo. Yin haka yana yanke kusan kashi 24 cikin 100 na faɗin hoton, a tsohuwar talabijin mai kusurwa huɗu kuwa fiye da kashi 40. A kashe saitin da ke ƙara kaifin launi da wanda ke santsar da motsi, domin launin fim ɗin toka-toka ne da ruwan ƙasa da gangan. A kalla da dare ko a rufe labule, saboda kashin jirgi kusan duk a duhu yake.

Duhun nan da hazon su ne ke tona asirin kwafi mara kyau. Fayil mai megabait 300 na fim mai minti 118 yana ba da wajen kilobit 340 ne kawai a daƙiƙa, har da sauti. Manhajar matsewa tana fara zubar da bayanan wurare masu duhu da masu launi ɗaya, sai guguwar ta koma baƙin allo mai murabba'ai, hazon kuma ya zama zobe-zobe. A nemi wanda bai gaza gigabait 1.5 ba a 720p, ko faifan DVD na asali. Faifan Amurka na kamfanin Miramax yana ɗauke da gabatarwar Scorsese da shirin yadda aka yi fim ɗin, amma faifan DVD a kulle yake bisa yankin duniya: na Amurka na yanki na 1 ne, na Turai yanki na 2, Najeriya da Nijar kuwa suna yanki na 5. Yawancin na'urorin da ake sayarwa a kasuwanninmu suna karanta kowane yanki, amma na'urar faifai ta kwamfuta sau biyar kawai take yarda a canza mata yanki, daga nan ta kulle a na ƙarshe. Sauti kuma a sa lasifika mai ɗaukar ƙaramar murya ko abin kunne, domin gurnanin jirgin ba ya fita a lasifikar waya.

Rubutun fassara dole ne. Yawancin maganar da harshen Sisili ake yinta, wanda ko mai Italiyancin makaranta zai sha wuya da shi, sai Turanci a Ellis. A duba ko fassarar ta ƙunshi duka maganganu ko ta tsallake na Turanci, domin wasu kwafin na Amurka harshen waje kaɗai suke fassarawa. Masu Faransanci suna da sa'a, tunda da kamfanonin Faransa aka shirya fim ɗin kuma ya fita a can. Idan rubutun ya riga magana ko ya makara da tazara ɗaya daga farko har ƙarshe, a manhajar kallon bidiyo ta VLC a kwamfuta maɓallan G da H suna matsar da shi da milidaƙiƙa 50 a kowane dannawa. Idan kuwa tazarar ƙaruwa take yi, matsalar daban ce: faifan Turai yana tafiya da hoto 25 a daƙiƙa, na Amurka 23.976, shi ya sa na Turai ke ƙarewa a wajen minti 113. Fassarar ɗaya a kan hoton ɗayan tana zamewa da kusan daƙiƙa biyu da rabi a kowane minti, kafin ƙarshe ta kai minti biyar. Maɓalli ba ya gyara wannan, sai a nemi fassarar da ta dace da kwafin ko a canza mata gudu a manhaja irin Subtitle Edit.

Ga mai niyyar kallo da iyali: babu batsa kuma babu zubar da jini na faɗa, amma a wurin binciken likita an nuna tsiraici na ɗan lokaci, wanda ya sa aka ba shi matakin PG-13 a Amurka, wato gargaɗi ga iyayen yara 'yan ƙasa da shekara 13. Akwai kuma gawar jariri da fitowar maganin Fortunata a farko, waɗanda za su iya tsorata yara. Babba ya fara kallonsa shi kaɗai ya san inda zai tsallake. Minti ashirin na farko kusan babu magana, kuma wanda ya saba da fim mai gudu zai so ya tura gaba. Kada ya tura, domin abin da Pietro da kakarsa suka yi a ƙarshe ba zai yi ma'ana ba ga wanda bai ga yadda suke a ƙauye ba.